Wasiƙa daga Houston zuwa ga mutanen Kano: dan Allah a bar wa hanya wurinta

Assalamu alaikum mutanen gida. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, ina gaida yayye da ƙanne, da abokan da muka taso tare a cikin gari waɗanda yanzu hidimar iyali ta watsa su Ɗorayi, Sheka, Rijiyar Zaki, Kurna, Hotoro da sauran wuraren da muna yara muke ce musu bayan gari. Ya gida ya iyali, ya kasuwa, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Abin da ya zaunar da ni rubuta wasiƙar nan wani bidiyo ne da ƙanina ya turo min ta WhatsApp satin da ya wuce, wajen ƙarfe huɗun asuba a nan, ku can hantsi ya riga ya ɗaga. Fili ya samo min a hanyar Gwarzo, can gaba da sabuwar jami'ar Bayero, sai ka sauka daga kwalta ka yi tafiya mai ɗan nisa cikin gonaki. Yana ta murna yana cewa Yaya ka yi sauri, wallahi wurin nan zuwa baɗi ba ka isa ka taɓa shi a wannan kuɗin ba. Kuma gaskiyarsa ne, na san haka zai faru. Da na idar da sallah sai na kira shi na ce juya min wayar na ga hanyar da za a riƙa shiga filin. Dillalin ya matso ya nuna wani ɗan tsakani a tsakanin turaku biyu, ya ce ga ta nan Alhaji. Na ce wa ƙanina auna min da ƙafarka. Taku huɗu. Na ce to ina kwata za ta bi, ina za a kafa falwaya, in mota biyu sun haɗu wa zai koma da baya? Dillalin ya ce ai Alhaji in unguwa ta cika gwamnati za ta zo ta gyara.

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yau, domin ni da ku duk mun san unguwar da ta cika a haka ba ta gyaruwa sai da rusau, rusau kuwa kuka ne da gaba da zaman kotu.

Ga wanda bai san ni ba, shekara goma ke nan ina zaune a Houston da ke jihar Texas a Amurka. Sana'ata haɗa iyakwandishan a sababbin gidaje, wato ina shiga gida tun yana katako tsirara, kafin a yi fenti, kafin mai shi ma ya san zai saye shi. To wannan aikin ya sa kusan kullum ina bakin gari inda birni ke cin daji, kuma abin da nake gani a can yana yawan tuna min da Kano, shi ya sa nake so na ba ku labarinsa yadda na gan shi, daɗinsa da ɗacinsa.

Texas jiha ce amma girman ƙasarta ya kai wajen kashi uku cikin huɗu na Najeriya gaba ɗaya. A ƙidayar 2010 mutanenta miliyan 25 ne da 'yan kai, a ƙidayar 2020 suka haura miliyan 29, wato cikin shekara goma an ƙaru da mutum wajen miliyan 4. A 2022 ta wuce miliyan 30, kuma ba ta tsaya ba. Saboda ƙaruwar nan har kujeru biyu aka ƙara mata a majalisar wakilan Amurka, yanzu tana da 38. Houston kanta mutum miliyan 2.3 ne a cikin iyakar birnin, ita ce ta huɗu a girma a duk ƙasar, amma in ka haɗa da garuruwan da suka manne mata an haura miliyan 7. Dallas da Fort Worth, waɗanda a da gari biyu ne da daji a tsakani, yanzu sun haɗe kamar yadda Kano ta haɗe da Kumbotso da Ungogo, yankin nasu ya haura mutum miliyan 8. Ga San Antonio, ga Austin babban birnin jihar. Duk inda ka juya gini ake.

Mutanen nan ba haihuwa kaɗai ta kawo su ba, tasowa suke daga wasu wuraren. Daga Kalifoniya, daga New York, daga Meziko da sauran ƙasashen kudu, daga Indiya, daga Biyetnam, da mu 'yan Najeriya da muke da yawa sosai a kudu maso yammacin Houston, inda in ka bi titin Bissonnet za ka ga kantunan da ake sayar da garin kwaki da manja da busasshen kifi kamar kana Sabon Gari. Ranar Juma'a a masallacin da nake zuwa, sahu ɗaya sai ka ga ɗan Pakistan, ɗan Sudan, ɗan Senegal, Bayarabe da Bahaushe kafaɗa da kafaɗa.

Me suke bi? Abinci suke bi, kamar kowa. Texas ce ke haƙo sama da kashi 40 cikin 100 na ɗanyen man Amurka, matatun mai da masana'antun sinadarai sun jeru a bakin ruwa daga Houston zuwa gabas, ga tashar jiragen ruwa wadda tana cikin mafi girma a ƙasar, ga wata unguwa sukutum ta asibitoci da makarantun likitanci da ake kira Texas Medical Center wadda babu irinta a girma a duniya. Sannan manyan kamfanoni suna ta kwaso hedikwatarsu suna dawowa nan: Toyota ta baro Kalifoniya ta koma Plano kusa da Dallas, Tesla ta koma Austin a 2021, Chevron ma a 2024 ta sanar za ta dawo Houston. Kamfani ɗaya in ya zo ba shi kaɗai yake zuwa ba, ma'aikatansa za su nemi gida, gida zai nemi kafinta da mai fenti da irina mai haɗa iyakwandishan, mu kuma za mu nemi abinci da makarantar yara da mai aski. Ɗan Kano ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba, duk wanda ya ga yadda Kwari take ciyar da 'yan dako da masu adaidaita sahu da masu abinci da teloli ya san zancen. Sai kuma haraji, jihar ba ta cirar harajinta a albashin mutum, na gwamnatin tarayya kawai ake cira, wannan ma ya jawo mutane da yawa.

Amma in kun tambaye ni, ni da nake cikin ƙurar ginin, babban abin da ya riƙe mutanen nan shi ne gida. Wanda ya sayar da ɗan ƙaramin gida a Kalifoniya zai zo nan ya sayi babba har ya yi ragowar canji, saboda a nan ana gini da yawa kuma ana yi da sauri. Yadda ake ginin ne nake so ku tsaya ku ji.

Akwai wani fili da nake wucewa a hanyar aiki, yamma da garin Katy. Shekarun baya shanu ne a ciki suna kiwo, da ciyawa iya ganinka. Wata rana na ga an kawo katafila da gireda. Na ɗauka nan da wata biyu zan ga gidaje, sai na ga wata da watanni ana aiki babu ko ɗaki ɗaya. Abin da suka fara yi shi ne wani ƙaton rami kamar kududdufi a gefen da ƙasa ta fi gangara, domin ruwan sama ya sami wurin zama. Daga nan aka yi ta haƙa ana binne bututai, na ruwan sha daban, na ƙazanta daban, manyan kwalbatoci na ruwan sama daban, aka ja wayar wuta da ta intanet ta ƙarƙashin ƙasa. Sannan aka zuba titi na kankare, da fitilu, har da allon sunan kowane layi. Wallahi na taɓa tsayawa da mota a wurin da yamma, titi fes, fitila a kunne, sunan layi a rubuce, famfon 'yan kwana-kwana ja a kowace kusurwa, kuma babu gida ko ɗaya, babu mutum ko ɗaya sai tsuntsaye. An ware filin makaranta an kewaye shi tun ɗaliban da za su shiga wasu ba a haife su ba. Sai da aka gama wannan duka sannan magina suka shigo, mu ma muka biyo baya. Yau in ka je wurin yara ne ke tsere da keke.

Kada wani ya ce ai gwamnatinsu ce mai kuɗi ta yi musu kyauta. Ba kyauta ba ne. Mai filin da ya yanka shi ne yake fara zuba kuɗinsa a titi da bututu, hukuma ba za ta amince masa da taswirar ba sai ya nuna inda hanya take da inda ruwa zai bi, daga baya kuma waɗanda suka sayi gidajen su ne za su biya kuɗin a hankali cikin harajin gida na shekara-shekara. Harajin nan kuwa yana da ciwo, a sababbin unguwannin nan yakan haura kashi 2 cikin 100 na darajar gidan duk shekara, ko ka gama biyan gidanka ko ba ka gama ba, kuma da shi ake riƙe makarantun gwamnati. Abin da aka bar maka a albashi ana karɓarsa a gida. Na san dattawan da suka sayar da gidan da suka tsufa a ciki don darajarsa ta tashi haraji ya fi ƙarfinsu.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, su ma sun yi kurakurai manya, wasu a kan idona. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta zauna a kan Houston kwana da kwanaki tana zuba ruwa, wasu wuraren sama da inci 50, ya fi abin da Kano take samu a damina guda. Ina zaune a bene na biyu a gidan haya ina kallon ruwa yana cinye motocin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har tawa. Maƙwabciyata ta ƙasa tsohuwa ce, da kwale-kwale aka zo aka fitar da ita, tana rungume da jakar magungunanta. Daga baya aka yi ta maganar cewa dubban gidajen da ruwa ya ci an gina su ne a cikin wurin da tun asali aka tanada don ruwa ya kwanta a bayan madatsun Addicks da Barker, kuma da yawa daga masu gidajen ba su ma sani ba lokacin da suka saya. Ciyawar da a da take shanye ruwa an shafe ta da kankare. Ina ganin haka sai na tuna kududdufan cikin gari da muka yi wasa a bakinsu muna yara, waɗanda aka cike da shara aka yanka aka gina, yanzu kuma duk Agusta sai ruwa ya shiga ɗakunan mutane ana ta kwalfa da bokiti cikin dare. Ruwa ba ya manta hanyarsa, a Houston ko a Kano.

Sai Fabrairun 2021 da wani sanyi ya sauko wanda jihar ba ta shirya masa ba, na'urorin wuta da bututan gas suka daskare, gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukuma da kanta ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Kwana uku muka yi ni da iyalina a ɗaki ɗaya cikin barguna, yara suna rawar ɗari, famfo ya ƙafe don bututu ya fashe, a jihar da ta fi kowace jiha a Amurka mai da gas. A Yulin 2024 ma guguwar Beryl ta bar mutum sama da miliyan 2 babu wuta a tsakiyar zafi. Ga cunkoso, babban titin Katy wani wurin in ka ƙirga da hannayen gefe ya haura layi 20, amma da safe a tsaye yake cak, don garin an shimfiɗa shi ne yadda in ba ka da mota ko burodi ba ka iya sayowa. Kuɗin haya ya tashi, a Austin ma har ya kori talakawan da aka haifa a can zuwa bayan gari. Mafi ƙarancin albashi har yanzu dala 7.25 ne a awa, kuma Texas ce kan gaba a Amurka wajen yawan mutanen da ba su da inshorar lafiya, a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye abin da ka tara a shekara. Ƙannena masu turo min saƙo kullum cewa Yaya a samo mana hanya, ku haɗa da wannan a lissafinku. Wanda ya zo da takardu da sana'a a hannu zai ci abinci, wanda ya zo babu su zai sha wuyar da ba zai iya faɗa wa na gida ba.

To mu dawo gida, don dama can zancen ya nufa.

Kano ma gari ne da mutane ke tururuwa zuwa cikinsa, kuma tun kafin a san za a yi wata Houston take haka. Ba banza aka ce tumbin giwa ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, ita ce ta ɗaya a ƙasa, kuma wannan bayan an cire Jigawa tun 1991. Daga 2006 ɗin ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa shekarar da aka ƙirga mu yanzu ya isa aure. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don a nan duk shekara goma ake ƙidaya, duk shekara kuma ana fitar da ƙiyasi gari-gari, da shi ake sanin inda za a ƙara aji da inda za a ƙara bututu. Mu kuwa uwa ce take dafa tuwo ba ta san bakin da za su ci ba.

Amma ko babu ƙidaya ido ya isa shaida. Wanda ya san Kano shekara 25 da suka wuce ya san inda gari yake ƙarewa ta hanyar Zariya, ta hanyar Gwarzo, ta hanyar Katsina, ta hanyar Haɗeja, ya je yau ya gani. Mutanen ƙauyukanmu sun shigo neman abinci, 'yan uwanmu na Borno da Yobe sun shigo lokacin da rikici ya tashe su, na Zamfara da Katsina suna shigowa yanzu, ga baƙin kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru masu sari a Kwari da Singa da Dawanau. Ni ban taɓa ganin wannan a matsayin masifa ba, kuma ina jin zafi in na ji ɗan Kano yana cewa baƙi sun cika mana gari. Garin da ake gudu daga cikinsa shi ne abin tausayi. A nan Amurka akwai biranen da mutane suka watse suka bar gidaje kango, masu mulkinsu da za su sami irin cikar Kano da sun yi sadaka. Kowane baƙo ciniki ne, hannu ne na aiki, kuma kakannin da yawa daga cikinmu masu cewa mu 'yan asalin gari ne da ayari suka shigo.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda muke karɓar cikar. Awon igiya. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillali da mai igiya, a yanka gonar ƙanana-ƙanana yadda za ta fi yawan filoti, hanya kuwa abin da ya rage ne bayan an gama yanka, ba a ware wa makaranta ko taku ɗaya ba, ba asibiti, ba maƙabarta, ba filin da yara za su buga ƙwallo, masallaci ma sai wani bawan Allah ya sadaukar da nasa. Wanda ya saya shi ma in ya tashi gini sai ya ɗan ci hanya da ƙafa ɗaya, ya fito da dakali, ya haƙa masai a waje, na gaba da shi ya ce ai wane ma ya yi. Shekara biyar unguwa ta cika, kowa ya sako ruwan wankansa lungu, damina ta zo a rasa inda za a taka.

Zuwana gida na ƙarshe na kwana biyu a gidan wani abokina a irin wannan unguwar, gida mai kyau, tayil har bango, ya kashe kuɗi sosai. Cikin dare naƙuda ta kama matar maƙwabcinsa. An samo mai adaidaita amma ya kasa shigowa, lungun ya matse ga kwata ta cinye rabinsa, sai a bakin titi ya tsaya. Mata huɗu ne suka riƙo baiwar Allah nan, tana tafiya tana durƙushewa, mu maza muna gaba da fitilar waya muna nuna musu inda za su taka, tafiyar da ba ta fi minti uku ba ta ɗauke mu kusan minti ashirin. Allah Ya sa ta sauka lafiya. Amma da gobara ce fa? Motar kwana-kwana ta ina za ta shiga? Abokina ya ce min ko gawa aka ɗauko akwai kwanar da sai an karkata makara.

Ruwa kuma kun fi ni sani. Da asuba ƙarar kurar 'yan ga-ruwa ce take tashin mutum, magidanci ya ware kuɗin jarka kamar yadda yake ware kuɗin cefane, mai hali ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa, na gaba ya haƙa, kowa yana zurfafawa rijiyoyin talakawa suna ƙafewa. In ka tara abin da layi ɗaya yake kashewa a jarka da burtsatse da janareto da sola a shekara biyar, na tabbata ya isa ya ja musu bututu da kwata mai kyau. Wato mu ma muna biyan harajin nan da nake ce muku yana da ciwo, sai dai muna biyansa ɗaiɗai, kowa a ƙofar gidansa, kuma ba ya barin komai a ƙasa.

Kuma kada a ce tsari abin Turawa ne. Waɗanda suka gina ganuwar Kano ba iya gidajen da ke akwai suka kewaye ba, sun haɗa da fili mai yawa da gonaki a ciki saboda waɗanda za su zo bayansu da kuma ranar da za a rufe ƙofa. Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ganuwar ya kafa kasuwar Kurmi shekara sama da 500 da suka wuce, har yau ana ciniki a cikinta. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga a shekarun 1970, har yau ruwanta ake noma da shi a Kadawa da Kura, shinkafa da tumatir da muke alfahari da su daga nan suke. Bompai da Sharaɗa da Challawa ware su aka yi don masana'antu tun kafin gari ya je can. Mun gaji hangen nesa, sakinsa muka yi.

Na san akwai abin da sai gwamnati: ruwan Tamburawa da Challawa ya kai ko'ina, wuta ta samu masana'antun da suka rufe su buɗe yaranmu su sami aiki, bututun gas da aka fara ja daga Ajaokuta zuwa Kano a 2020 ya iso, a fitar da filaye masu tsari da yawa kuma a farashin da malamin firamare zai iya saya, don mutane ba don son wahala suke sayen awon igiya ba, shi ne abin da aljihunsu ya kai. Gadojin sama sun yi kyau kuma sun rage cunkoso a inda aka yi su, amma mai naƙudar can ba gadar sama ta nema ba a daren nan. Wannan duka mu riƙa tambayar masu zuwa neman ƙuri'a.

Sai dai faɗin hanya a sabuwar unguwa ba ya jiran kowa, a hannunmu yake, kuma rana ɗaya ake yanke shi, ranar da aka ja igiya. Baba mai gona, Allah Ya ba ka arziki har ƙofa, filoti biyu da za ka rasa don hanya ta yi faɗi za su dawo maka a farashin sauran, don kowa ya fi son gidan da mota take shiga, kuma sadaka ce mai gudana da duk wanda ya taka zai sa a rubuta maka. Dillalai, ku ne kuke faɗa a ji a wurin nan, ku daina cewa gwamnati za ta zo ta gyara. Masu unguwanni da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, hannunku ake nema a takardar ciniki, kuna da ikon cewa ba za ku sa ba sai kun ga hanya da mafitar ruwa. Malamanmu, haƙƙin hanya yana cikin addini, muna so mu riƙa jin sa a huɗuba kamar yadda muke jin sauran haƙƙoƙi.

Mu kuma da muke waje, na Saudiyya da na Ingila da na Amurka da na ko'ina, laifinmu a nan ba kaɗan ba ne. Mu ne muke turo kuɗi a saya mana fili ko gani ba mu yi ba, mu kewaye mu bar shi shekara goma muna jiran ya yi tsada, mun tsadar wa na gida da ƙasa kuma ba mu tambayi komai ba sai nawa ne kuma yaushe zai ninka. Mun zauna a garuruwan da muka ga amfanin tsari da idonmu, bai kamata kuɗinmu ya zama shi ne yake gina lungun da makara ba ta juyawa ba.

Shekaranjiya na sake kiran ƙanina. Na ce ya koma wurin dillalin da mai gonar, ya nemo sauran waɗanda suka sayi filotan da ke layin, mutum tara ne har da ni in na saya. Na ce zan saya, kuma zan bar ƙafa biyar ta gaban nawa a ƙara a hanya, in na ɗaya hannun ma za su bar biyar, a rubuta a takarda gaban mai unguwa kowa ya sa hannu, sannan mu haɗa kuɗi a haƙa kwata tun kafin kowa ya sa bulo. Ya ce Yaya anya za su yarda kuwa, ƙafa biyar fa ɗaki ne. Na ce ka dai je ka gwada. Jiya da daddare ya turo min saƙon murya, mutum huɗu sun amince, biyu sun ce sai sun yi shawara, ɗaya ya ce shi ba ruwansa, ɗayan kuma yana Legas ba a same shi a waya ba tukuna. Ranar Asabar za su zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, na ce a kira ni ta bidiyo, lokacin nan safiya ce, zan nemi izini a wurin aiki.

A gaida min Hajiya, a ce mata saƙon kuka da daddawa ya iso, yara suna ta tambayar yaushe za a je Kano hawan Sallah. In Allah Ya yarda muna tafe.

Naku,
ɗan cikin gari mazaunin Houston